Yadda ake haɗa kyamarar kafaɗa da babban lensin akwati

Gidajen talabijin da yawa sun daina sayen kyamara iri biyu, wato babba ta ɗakin shiri da ƙarama ta fita waje. Abin da aka fi yi yanzu shi ne a sayi kyamarar kafaɗa mai inganci, irin su Sony HDC-3500 ko jerin LDX na kamfanin Grass Valley, a riƙa aikin yau da kullum da ita, ranar da kuma aka tashi watsa wasan ƙwallo ko hawan sallah kai tsaye sai a haɗa ta da babban lensin nan mai siffar akwati. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa tsayawa can saman filin wasa na Sani Abacha a Kano ko na Ahmadu Bello a Kaduna yana neman fuskar mai tsaron gida daga nesa. Lensin hannu mai zum ninki 24 yakan ƙare a milimita 180, kuma da yake faɗin sensar irin waɗannan kyamarori, wato ɓangaren da hoto ke sauka a kansa a cikinsu, milimita 9.6 ne, daga nisan mita 100 abin da zai cika allo ya haura mita 5 a faɗi. Lensin akwati irin Canon UHD-DIGISUPER 122, wanda yake tashi daga milimita 8.2 ya kai 1000, daga wannan nisan zai cika allo da abin da bai kai mita ɗaya ba, wato kai da kafaɗun mutum guda.

Wahalar haɗin duk a nauyi take. Bakin kyamarar kafaɗa, wanda ake kira B4, an ƙera shi ne domin ya riƙe lensin da nauyinsa bai wuce kilo biyu ko uku ba, alhali lensin akwati yana tsakanin kilo 20 da 27, ita kuwa kyamarar kanta kilo biyar ce ko kusa da haka. Ba a ɗora wa jaki kayan raƙumi. Saboda haka dole a sami wani ƙarfe na uku da zai ɗauki lensin gaba ɗaya, ita kuma kyamara ta zo daga baya ta sadu da shi a daidai tsayi da daidai saiti, ba tare da ko giram ɗaya na nauyinsa ya sauka a bakinta ba. Duk matakan da za a bayyana a ƙasa wannan ƙa'ida suke yi wa hidima, kuma mafi yawan ɓarnar da ake gani a irin wannan aiki, daga lanƙwasasshen baki zuwa hoton da gefe ɗaya ya fita ɗayan ya dushe, daga karya ta suke tasowa.

Wannan ƙarfe na uku iri biyu ne, kuma ya kamata a san wanda ake da shi tun kafin ranar aiki. Na farko mariƙi ne kawai, wanda kamfanonin lensi irin Canon da Fujinon suke sayarwa tare da kayansu: doguwar shimfiɗa ce mai bango a gaba inda ake rataye lensi, da wani faranti mai zamiya a baya inda kyamara ke zama. Yana karɓar kyamarar kowane kamfani muddin bakinta B4 ne, sai dai komai nasa da hannu ake saita shi, tun daga tsayin kyamara har karkatarta hagu ko dama. Na biyu cikakken gado ne da kamfanin kyamara ke ƙera wa kyamararsa shi kaɗai. Sony na da jerin HDLA, Grass Valley na da SuperXpander, Panasonic na da AK-HBU500, haka ma Ikegami da Hitachi kowa da nasa. A cikin irin wannan gado kyamara tana zamewa ta kulle a wuri ɗaya tilo da aka riga aka auna mata a masana'anta, kuma a na Sony babu ma wayar da za a jona tsakanin kyamara da gado, domin mahaɗar wutar tana shiga da kanta idan kyamarar ta zauna. Bayan haka yana zuwa da allon maɓallai a baya kusa da hannun mai ɗauka, da wurin ɗora babban allon dubawa, da jar fitilar da ke nuna cewa kyamara tana kan iska. A ganina, gidan da yake watsa wasanni ko manyan taruka a kai a kai gara ya daure ya sayi cikakken gado, domin lokacin da ake ɓatawa wajen saita mariƙi a kowane fita, da haɗarin kuskure idan ana gaggawa, sun fi bambancin kuɗin. Mariƙi ya fi dacewa da wanda yake hayar lensi jefi-jefi, ko wanda kyamarorinsa na kamfanoni daban-daban ne.

Wanda zai yi hayar lensi ya tambayi mai shi abubuwan da ba a gani a hoto. Marataya da ke bayan lensi dole ta dace da bangon gadon, kuma ko da yake tsarin Sony shi ne ya fi yaɗuwa, akwai tsofaffin kaya masu wani tsari dabam. Sai mahaɗar waya: lensin akwati yana magana ne ta soket mai fil 36, kyamarar kafaɗa kuwa soket ɗinta na lensi mai fil 12 ne, wanda wutar da yake bayarwa ba ta isa ta tafiyar da injinan zum da fokas na babban lensi yadda ya kamata. Cikakken gado yana warware wannan da kansa, ta hanyar wutar da ke zuwa daga na'urar sarrafa kyamara, wato CCU, a cikin motar watsa shiri. Mariƙi kuwa yawanci sai an kawo masa wuta mai bolt 12 daga waje, ko dai daga batir ko daga na'urar sauya wuta, kuma wannan ƙaramar waya ita ce aka fi mantawa a ofis. A kuma tuna cewa gado da babban allo da lensi duk suna shan wuta daga kebul ɗin faiba guda da ke haɗa kyamara da mota, don haka tsawon kebul ɗin da kyamara ita kaɗai take jurewa yana iya yin yawa idan an ƙara mata waɗannan kaya, sai a ga tana mutuwa tana dawowa ba a san dalili ba.

Kafin a buɗe akwatin lensi a yi lissafin nauyi. Lensi mai kilo 26, gado wanda ya haura kilo 10 kuma wasu sun kusa 20, kyamara, allon dubawa, hannaye biyu da maɓallansu, jimilla takan kai kilo 50 zuwa 60. Ƙafafun da ake fita ɗaukar labarai da su, da kan nan mai juyawa da kyamara ke zama a kansa, ba su da wuri a nan. Ana buƙatar kai irin Vinten Vector 750, wanda aka yi domin kilo 75, a kan manyan ƙafafu masu ƙarfi da aka ɗaure ƙasansu don kada su baje. A kafa ƙafafun yadda ɗaya daga cikin ukun za ta kasance a ƙarƙashin inda lensi zai fi fuskanta, a daidaita kumfar awo ta tsaya a tsakiya tun kai yana fanko, domin da zarar kaya sun hau gyaran ƙafa ya zama aiki mai haɗari. Sannan a kulle kai da makullin tsakiya, wanda yake hana shi sunkuyawa ko ɗagawa, kuma kada a dogara da birkin gefe shi kaɗai.

Gado ne ke fara hawa. A zura farantin ƙasansa cikin mazauninsa a kan kai har a ji ya kama, a jijjiga shi da hannu biyu a tabbatar. Sai lensi, kuma wannan aikin mutum biyu ne ko da akwai mai ƙarfin da zai iya shi kaɗai, domin ɗaya yana ɗauke da nauyi, ɗayan yana duba inda ƙarfe ke haɗuwa da ƙarfe. A cire murfin baya a nan kusa da gado, kada a cire shi tun daga mota. A ɗaga lensin sama da bangon gado kaɗan, a ɗan karkata bayansa, a saukar da maratayar da ke samansa a kan ƙugiyar bangon yadda ɗan fil ɗin saiti zai faɗa cikin tsagarsa, sannan a saki gaban a hankali har bayan lensin ya kwanta lif a jikin bangon. Idan ya zauna daidai, soket mai fil 36 yana shiga ba tare da an tura ba, kuma ba za a ga wata tazara tsakanin ƙarafan biyu ba. A ɗaure makullin ƙasa, kuma mai riƙe da gaba kada ya janye hannunsa sai abokin aikinsa ya ce masa an kulle. A wannan lokaci duk nauyi yana gaba, babu komai a baya, shi ya sa aka ce ƙafa ɗaya ta kasance a ƙarƙashin lensi kuma makullin tsakiya ya zauna a kulle.

Shigar da kyamara shi ne matakin da ya fi buƙatar natsuwa. A cire mata ƙaramin lensinta da makirufo da duk abin da zai tokare a gaba, a buɗe zoben bakinta gaba ɗaya, a zaunar da ita a kan faranti mai zamiya tana can baya. Sai a turo ta gaba sannu a hankali, a tsaya saura ɗan yatsa ɗaya tsakanin bakinta da bakin lensi, a durƙusa a duba daga gefe sannan a duba daga sama. Daga gefe ana neman a ga ko kyamara ta yi sama ko ƙasa, daga sama kuma ko ta kauce hagu ko dama. A cikakken gado da wuya a ga bambanci, in kuwa an gani to akwai abin da ya maƙale a ƙarƙashin kyamarar ko ba ta zauna sosai ba. A mariƙi kuwa nan ne ake juya kullin tsayi da na gefe, kaɗan-kaɗan, har da'irori biyun su fuskanci juna, fil ɗin da ke saman bakin lensi ya yi daidai da tsagar da ke saman bakin kyamara. Idan saiti ya yi, bakin lensi yana shiga kamar ba a taɓa komai ba, kuma zoben kullewa yana juyawa da yatsa biyu. Zoben da sai an sa ƙarfi kafin ya juya yana nuna cewa kyamara ce ake jawowa ta bi lensi, ko lensi ne ya dogara a kanta, kuma maganin hakan shi ne a ja da baya a sake saiti. Ina jaddada wannan ne domin sakamakon tilastawa ba ya bayyana nan take. Hoto zai fito, kowa ya ce an gama, amma sensa ta karkace da ɗan abin da ido ba ya gani, sai a tsakiyar wasa injiniyan hoto ya lura cewa allon talla na gefen hagu a fili yake, na dama kuma a dushe, kuma babu juyin fokas da zai gyara su tare. Bayan zobe ya kulle sai a ɗaure farantin zamiya, ba kafin nan ba.

Daga nan sai sauran kaya: hannaye biyu a bayan kai, maɓallin zum a hannun dama da na fokas a hagu kamar yadda aka fi sabawa, ko akasin haka idan mai ɗauka ya fi so, sai allon dubawa, da lasifikar kunne ta magana da darakta. A goge kan faiba da abin gogewarsa kafin a jona, a kuma ɗaure kebul ɗin a jikin ƙafa da ɗan sako-sako yadda kyamara za ta juya iyakar juyawarta ba tare da ya ja ta ba.

Sai an gama ɗora komai ake daidaita nauyi, har da murfin rana da rigar ruwan sama idan za a sa, a ɗakin shiri kuma har da allon karanta labarai da ake ɗaurawa a gaban lensi, wanda shi kaɗai yana iya mayar da nauyi gaba sosai. A sassauta taurin kai zuwa ƙasa, a riƙe hannu da kyau, a cire makullin tsakiya, a ji inda kayan suke son faɗawa. Idan gaba suke rinjaya a matsar da farantin kai baya, idan baya ne a matsar da shi gaba, har su tsaya a miƙe ba tare da an riƙe ba. Wannan rabin aikin ne. A sunkuyar da lensi ƙasa a saki: idan ya ci gaba da faɗawa, ƙarfin da ke tallafe nauyi ya yi kaɗan, idan kuma ya dawo tsakiya da kansa ya yi yawa. A juya kullinsa har kyamara ta riƙa tsayawa cak a duk inda aka bar ta, sama ko ƙasa, sannan a mayar da tauri gwargwadon yadda hannun mai ɗauka yake so. Wanda ya ɓoye rashin daidaito da ƙara tauri zai yi minti 90 yana kokawa da kilo 60, kuma masu kallo za su ga wannan kokawar a duk lokacin da ya bi ƙwallo.

Fokas ɗin baya shi ne gyaran da ba a tsallakewa duk lokacin da aka haɗa kyamara da wani lensi, ko da jiya su biyun suka yi aiki tare. Tazarar da aka ƙayyade tsakanin bakin B4 da sensa milimita 48 ce, amma kowace kyamara da kowane lensi suna da ɗan bambancinsu, kuma zafi yana motsa ƙarfe. Alamar rashin saitinsa sananniya ce: a zuƙo fuska ta fito tsaf, a ja baya zuwa hoto mai faɗi komai ya dushe. Domin gyara shi a kafa allon gwaji mai tauraruwa baƙi da fari, wanda ake kira tauraruwar Siemens, a nisan da ya wuce mafi kusancin da lensin yake iya gani. Ga lensin filin wasa wannan kusanci kimanin mita uku ne, don haka a sa allon a mita biyar ko fiye, lensin ɗakin shiri kuwa irin mai ninki 27 yana gani tun daga ƙasa da mita ɗaya. A roƙi injiniyan hoto ya buɗe ƙofar haske gaba ɗaya, ya rage hasken da gilashin rage haske da ake kira ND, ko da ƙara saurin shata, domin idan ƙofar a tsuke take zurfin fokas zai ɓoye kuskuren, sai dare ya yi an buɗe ta a ƙarƙashin fitilun fili ya fito. A zuƙo har ƙarshe a saita fokas da maɓallin hannu, a ja baya har ƙarshe ba tare da an sake taɓa wannan maɓalli ba, a sassauta kullin fokas ɗin baya da ke gefen lensi a juya shi har layukan tauraruwar su haɗu tsaf a tsakiya. A maimaita sau biyu ko uku, domin gyaran ɗaya yana ɗan motsa ɗayan, sannan a ɗaure kullin ana kallon allo don kada ɗaurin ya gusar da shi. Hukuncin ƙarshe na babban allon da ke cikin mota ne, musamman a aikin 4K, inda allon dubawa mai inci bakwai ba ya nuna ƙaramin kuskure. Idan an yi saitin da sanyin safiya kuma kayan sun wuni a rana, a sake dubawa kafin a hau iska.

A shiga jerin saitin kyamara a tabbatar ta gane sunan lensin. Idan ta gane, to suna musayar bayanai, kuma gyaran launukan da ke fitowa a gefen abubuwa masu haske zai yi aiki, wanda Sony ke kira ALAC, Panasonic kuma CAC. Idan sunan bai fito ba, a duba wayar fil 12 ko mahaɗar gado. A gwada jar fitila da hoton dawowa daga mota, a kuma gwada gilashin ninkawa da ke cikin lensi, wanda yake mayar da milimita 1000 ta zama 2000 amma yana rage haske zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Ko ba tare da shi ba, haske yana raguwa a ƙarshen zum: lensin Canon da aka ambata yana riƙe F1.7, wato awon buɗewar ƙofar haskensa, har zuwa milimita 340, daga nan ya sauka zuwa F5 a milimita 1000, wato kusan kashi ɗaya cikin tara na hasken farko. Da rana wannan ba ya damun kowa, amma a filin da fitilunsa ba su da ƙarfi gara a sa wa zum iyaka daga maɓallinsa.

A irin wannan nisa ƙaramar girgiza babba ce. Idan a kan dandamalin ƙarfe za a kafa kyamara, a gina guda biyu da ba sa taɓa juna, ɗaya na kyamara ɗaya na mai ɗauka, domin ko sauya ƙafa ya yi hoto zai yi rawa, balle a ce 'yan kallo suna tsalle a kan benen. Na'urar hana girgiza da ke cikin lensi tana taimakawa, amma a gwada ta tukuna da juyi a hankali, a ga ko hoto yana ci gaba da zamewa bayan hannu ya tsaya. Akwai kuma rawar da iska mai zafi take yi a saman fili da tsakar rana a watannin Maris da Afrilu, wadda take sa hoto daga nesa ya riƙa malala, kuma wannan ba laifin fokas ba ne, don haka kada a kwance saitin da aka sha wahala a kansa. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba: a haɗa kyamara da lensi a cikin rumfa ko a bayan mota inda iska ba ta bugowa, kada a bar baki a buɗe ko na minti ɗaya, a kuma hure gilashin gaba da famfon roba kafin ƙyalle ya taɓa shi, domin yashin da ke cikin ƙurar yana karce rufin gilashi. Da damina kuwa, lensin da aka fito da shi daga mota mai sanyi yakan yi gumi, sai a fito da shi da wuri ya sha iskar wurin. Kada a bar lensi yana kallon rana a lokacin hutu, haka nan a nisantar da shi daga fitilun leza na wuraren biki, domin suna ƙona sensa.

Duk abin da aka faɗa ya shafi kyamara mai sensar kashi biyu cikin uku na inci. Kyamara mai babbar sensa irin ta fim, mai bakin PL, ba ta karɓar lensin B4 sai da adafta mai gilashi a ciki, domin da'irar hoton da lensin yake bayarwa milimita 11 ce kawai, kuma faɗaɗa ta yana rage haske zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu. Adaftar tana ƙara tsawo, don haka sai an tabbatar farantin mariƙi yana da sauran wurin ja baya. Wanda aikinsa ya fi karkata ga irin wannan kyamara ya nemi lensin akwati da aka yi da bakin PL tun asali, irin Fujinon Duvo 25-1000.

Wajen kwancewa ana bin hanyar da aka zo a juye. A kashe wuta daga CCU, a kulle makullin tsakiya, a cire wayoyi da allon dubawa, a buɗe zoben baki, a ja kyamara baya ta rabu da lensi sarai, a rufe bakuna biyun, sannan mutum biyu su ɗaga lensi daga ƙugiya. Ɗaga lensi alhali kyamara tana kulle a jikinsa shi ne hanya mafi sauri ta karya bakin B4. A ɗakin shiri, inda kyamara take kan ginshiƙi mai hawa da sauka da matsin iska, a sauke ginshiƙin ƙasa a kulle shi kafin a cire ko da allon dubawa ne, domin an cika masa iska daidai da kilo 50 ko 60, kuma da zarar nauyin ya ragu zai yi sama da ƙarfin da zai iya ji wa wanda ya sunkuya a kansa rauni. Idan da mariƙi aka yi aiki kuma kyamarar nan ce za ta sake hawa, a bar kullin tsayi da na gefe yadda suke, a manna takarda mai lambar kyamarar a jikinsa kafin a mayar da shi akwati.